Makirufon da Ba Ya Jin Gulma

"Ni kike ce wa ban iya magana ba? Ni?"

"Ban ce ba ki iya magana ba, Kaka. Cewa na yi wuyanki ba ya zama wuri ɗaya."

"Wuyana za a sa a rediyon ko muryata?"

"Ai muryar ta cikin wuyan take fitowa."

Ƙanwata Auta ta kwashe da dariya har shayi ya sarƙe ta. Ban ko buga mata baya ba, na bar ta ta yi tarinta ta gama.

Mai yi mini wannan fitsarar jikata ce, 'yar babbar 'yata. Karatun haɗa sauti ta yi, shi ya sa muke kiranta Injiniya, tun muna yi da zolaya har sunan ya bi ta. Wani gidan rediyo ne suka ce ta kawo musu gwajin shiri, in ya yi musu za su riƙa sawa. Ita kuma ta ce ba abin da ya kai hirar tsofaffi daɗi, don haka ta zaunar da ni da Auta mu riƙa ba da labaran unguwa na da. Ni ce mai labari. Auta aikinta dariya da cewa "Kai, Yaya!"

Kujerar mai labarin nan kuwa ina son ta, ba zan ɓoye ba. Kafin a ɗauki ko kalma ɗaya na riga na bi benenmu hawa-hawa na shaida wa kowa ya gyara rediyonsa. Har sabon ɗinki na yi. Sai da na sa shi na zauna Auta ta tuna mini ba a ganin mutum a rediyo.

Ɗakin kwanana Injiniya ta mayar wurin aiki. Ta rataye barguna a bango, ta saki labule, ta kashe fanka, muna zaune kamar burodi a tanda. A kan tebur ta kafa makirufo biyu baƙaƙe, kowanne da kai zagaye mai raga irin ta matacin shayi.

"Saurara da kunnenki," in ji ta, ta danna kwamfuta.

Sai ga muryata, raɗau. Labarin wani tela nake bayarwa, wanda yake rage yadin mutane yana ɗinka wa 'ya'yansa. Na kawo inda matar mai otal ta gamu da ɗansa a hanya, ta ƙura wa wandonsa ido, ta ga furannin zanenta, ta kama hannun yaron har shago, ta buɗe baki ta ce da tela...

Shiru. Wani ɗan guna-guni can nesa kamar ana magana a ƙasan rijiya. Sai kuma dariyar Auta ta fashe: "Kai, Yaya! Haka ta ce masa?"

"Ina abin da matar ta ce?" na tambaya.

"Kin ba ƙofa rabi, kin ba taga rabi," in ji Injiniya.

To a nan fa gaskiya tana da ɗan kamawa. Ni ban yi nisa a boko ba, amma gulma na yi mata karatu mai zurfi, kuma tana da ladabinta. Idan mutum ya zo wurin daɗin labari, sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ja baya kaɗan, ya kare baki da tafin hannu, sannan ya sauke murya. Maganar da aka faɗa fuska a miƙe, murya a sake, ai sanarwa ce. Wuyana ya saba tun ina budurwa. Ba ya neman izinina.

"Kaka, telan nan ya rasu tun kafin a haifi mamata. Wa kike dubawa?"

"'Ya'yansa suna nan da kunnuwansu."

"Suna wani gari."

"Akwai mota."

"A rediyo fa za a sa! Duk duniya za ta ji!"

"Duniya daban, maƙwabta daban. Ke dai ki yarda ƙarfen nan naki kurma ne. An sayar miki da mai ciwo."

Ta ja dogon numfashi irin na uwarta. Ta ɗauki makirufon, ta murɗe kan ragar ta cire, ta miƙo mini shi dab da hanci.

"Duba nan. Kin ga wannan 'yar fatar?"

Na gani. Siririya ce kamar ɓawon albasa.

"A bayanta akwai waya da aka nannaɗe, ta fi gashi siranta, tana zaune a cikin maganaɗisu. Idan kin yi magana, muryarki ta bugi fatar, fatar ta girgiza wayar. Wayar tana kai da komo a cikin maganaɗisun sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan. Wutar nan ce take bin igiya ta shiga kwamfuta. Ba ya cin batir, ba ya roƙon wuta a wurin kowa. Muryarki ce abincinsa. Dainamik ake kiran irinsa."

"To in muryata ce abincinsa, me ya sa yake zaɓe?"

"Saboda fatar goyo gare ta. Wayar nan tana da ɗan nauyi, sai an matso kusa an ture ta take motsawa sosai. In kika ja baya kina raɗa wa labule, ba abin da ya isa gare ta."

"Raggo ne ke nan."

"Ragwancin nake so. Ki saurara." Ta ɗaga yatsa. A ƙasanmu mai walda yana ta dukan ƙarfe, a titi ana ta hon, yara suna tsere a matakala. "Duk wannan kin ji shi a abin da na kunna miki?"

"Ban ji ba."

"To shi ne aikinsa. Abin da ke gaban bakinsa yake ji. Na gefe sama-sama, na bayansa kuwa ba ruwansa. Shi ya sa mawaƙa suke riƙe shi a taro, ana kafa shi a bakin ganga, a yi masa ihu bai damu ba, ya faɗi ƙasa a ɗauka a ci gaba. A gida mai hayaniya irin wannan ba abin da ya fi shi."

Na dubi ƙarfen nan na ji ya fita daga raina. A ba ka kunne, ka ce na gabanka kaɗai za ka ji? Na san irin halin. Marigayi mijina haka yake. Za a yi ta dambe a bayan tagarsa, shi yana cin abincinsa, in na tambaye shi wa ya fara zagi ya ce, "Wane zagi?" Na zauna da mutum ɗaya mai wannan hali har Allah ya karɓi abinsa, yanzu kuma an kawo mini na ƙarfe.

Injiniya ta mayar da kan ragar, ta sa yatsunta biyu tsakanin leɓena da shi.

"Nan za ki tsaya. Kada ki wuce, kada ki rage."

Muka sake. Da na matso sosai sai muryata ta yi kauri, ta cika, kamar ta wani babban mutum mai tumbi. Abin ya burge ni. Na yi ta zuba, tela ya yanki yadi, yaro ya sa wando, matar mai otal ta kama hannunsa. Ina zuwa bakin shagon, sai na ga ƙofar ɗakina a gabana. Wallahi ban san lokacin da na juya ba.

"Auta, riƙe mini kai," na ce.

Auta ta tashi ta tsaya a bayana ta dafe ni kamar za a cire mini haƙori. Da muka iso wurin, kaina ya zame ya yi hagu abinsa, ya bar ta riƙe da ɗankwali.

Sai dabara ta zo mini. Na ce tun da wuya ya ƙi zama, a bar makirufon ya bi wuya. Na zare shi daga sandarsa na riƙe a hannu. Na waiga hagu da shi, na waiga dama da shi, Injiniya har ta fara gyaɗa kai. Amma hannuna shi ma da nasa karatun. Da na zo wurin daɗin, sai na rufe kan makirufon da tafukana biyu, na cusa baki ciki, kamar yadda nake yi wa kunnen Auta. Da aka kunna, sai ka rantse daga cikin bokiti nake magana.

"Kin toshe masa hudojin gefe," in ji Injiniya. "Da su yake bambanta gaba da baya. Ba a shaƙe shi, a wuya ake riƙewa."

"Abin naki dokokinsa sun fi na asibiti."

Ba ta yi dariya ba. Ta cire tabaranta ta goge da bakin riga.

"Kaka, gidan rediyon nan ba za su jira ni ba. Malama ta ce in ina so ta zo."

Malama tsohuwar malamar makaranta ce, ƙofarta tana kallon tamu. Mace ce da ke zama kamar an haɗiyar mata da sanda. In ta ba ka labarin gobara, sai ka yi hamma kafin wutar ta kama. Amma wuyanta, ai ko a bayanta aka yi gobarar ba zai juya ba. Na hango ni ina hawa matakala, kowa da rediyonsa a gyare, muryar Malama tana fita daga kowace ƙofa.

A nan idona ya sauka a kan wani akwati a gefen gado. Na san abin da ke ciki, don na riga na leƙa lokacin da Injiniya ta shiga wanke hannu. Wani makirufo ne mai ruwan azurfa, ƙato, kwance a cikin soso kamar jariri.

"Wancan fa? Kin ɓoye mai kyan kin ba mu na talakawa?"

"Wa ya ce ki buɗe?"

"Shi ya buɗe kansa."

"Aro na yi, na wani aiki ne. Kwandensa ne wannan. Fatarsa ba ta goyon komai, ko numfashi aka yi sai ta motsa. Sai an ba shi wuta yake aiki, kuma sai a ɗakin da ba motsi. Komai yake ji."

"Komai?"

"Komai."

"Ko na waiga?"

"Ko kin waiga zai ji ki. Amma zai ji abin da ba a tambaye shi ba."

"To ai ɗan'uwana ne! Tun ɗazu kin haɗa ni da bare, ga jinina a akwati."

Na roƙa, na yi fushi, na tuna mata wanda ya goya ta lokacin da uwarta take jarrabawa. Auta ta sa baki ta ce a bar Yaya ta gwada, in ba haka ba yau ba mai cin abinci a gidan nan. Injiniya ta ɗaga kafaɗa. Ta fito da shi a hankali, ta rataye shi a cikin wani zobe mai igiyoyin roba, ta danna wani maɓalli, sannan ta ɗauko abin sauraron nan mai rufe kunnuwa biyu ta kifa mini a kai.

"Ki ji da kanki, don kada ki ce ƙarya nake."

Jama'a, ashe duk tsawon rayuwata a toshe nake.

Na ɗaga hannu, awarwarona suka yi ƙara kamar an zubar da kwanuka. Na ce "to," na ji haƙorana na roba sun ce ƙwas. Famfon kicin yana ɗiga, agogon falo yana tafiya, mai walda kamar a cinyata yake aiki. Sai kuma wani gurnani mai tsawo, yana hawa yana sauka.

"Wace mota ce wannan?"

"Cikin Inna Auta ne," in ji Injiniya.

"Ƙarya ne, nata ne!" in ji Auta.

Na tuɓe awarwaro na ajiye a kan gado, na danne haƙora da harshe, na fara. Tela, yadi, wando. Na waiga hagu, ina jin kaina. Na waiga dama, ina jin kaina. Na kare baki na sauke murya, ga ta nan tar a kunnena. Na harari baƙin makirufon da ke kwance a gefe. Yau dai Malama sai ta ci gaba da shan shayinta ita kaɗai.

Sai na ji wata murya da ba tamu ba.

Zafi ya dame ni ɗazu, na faki ido na ɗan tura taga ta bayan labule. Tagar tana kallon ta mai aski, 'yar siririyar hanya ce tsakaninmu. Shi da matarsa sun daɗe suna wata rigima a kan keken ɗinkinta da ya ɓace daga ɗaki. Na sha tsayawa a kicin da sunan wanke-wanke, kwano ɗaya a hannuna har yatsuna su yi yaushi, ban taɓa samun abin da ya wuce guna-guni ba. Yau ga kalmomi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, sirara amma a wanke.

"...ka ce gyara ka kai, na je wurin mai gyaran ya ce bai taɓa ganinsa ba..."

Na tsaya cak, matar mai otal tana riƙe da hannun yaro a bakin shago.

"Kaka, ci gaba."

"Shhh."

"Ana ɗauka fa."

"Ki yi mini shiru, 'yar nan. Ƙara mini murya."

Na jawo sandar makirufon a hankali zuwa wajen labule. Auta ta ga fuskata ta gane, don tare muka tashi. Ta matso ta ɗaga ɓari ɗaya na abin sauraron ta cusa kunnenta, kanmu a haɗe kamar tagwaye.

"Mai aski ne?" ta raɗa.

"Shi ne. An je wurin mai gyara."

"Na faɗa miki ba gyara ba ne!"

Ɗif, komai ya ɗauke. Injiniya ce tsaye da igiya a hannu. Ta zare mana abin sauraron, ta sauke ɗan'uwana ta kwantar a sosonsa ta rufe akwati, ta je ta ja tagar, ta mayar da baƙin kan sandarsa.

"Na kawo mai labari, na samu mai sauraro," ta ce. "Wannan ne na ƙarshe, Kaka. Ki ɗauka ragar nan kunnen Inna Auta ce. Ki faɗa mata abin da matar nan ta ce, shi ke nan, na roƙe ki. In kika juya, na tafi."

Sai na ji kunya ta kama ni. Yarinyar nan ta kwaso kaya a ka ta hau bene, ta rataye barguna ita kaɗai. Na ce a raina yau ko wuyan zai karye sai ya tsaya.

Na matso, yatsu biyu. Na sa hannu na kama ƙeyata da kaina. Na ƙura wa ragar ido har na fara ganin gashin kunnen Auta a jikinta. Na fara daga farko, a nutse, murya cike. Tela ya yanka. Yaro ya sa. Matar mai otal ta ga furanninta. Wuyana ya ja hagu, na danne. Ya ja dama, na danne, zufa tana bin bayana cikin sabon ɗinki. Muka iso bakin shago. Ta wutsiyar ido na ga Injiniya ta haɗa hannuwa a ƙirji tana murmushi.

"Sai matar ta dubi tela," na ce, "ta ce masa..."

Ƙarar fashewar faranti ta tashi daga gidan mai aski, wadda ko marigayi mijina sai ya ji. Matar ta ƙwala ihu, taga a rufe amma ya keto:

"To faɗa mini wa ka ba! Faɗi sunanta yanzu!"

Wannan karon wuyana bai tafi shi kaɗai ba, duk jikina ya ɗauka. Ban san ina da sauran gudu ba sai da na gan ni a bakin taga, na ture labule, na tura gilashi, kunne a waje. Auta tana bayana tana taka mini zane. Mai aski ya yi gyaran murya. Ya ce, "To, tun da kin matsa..."

Mai walda ya tayar da injin gurza ƙarfe.

Ban ji ko harafi ɗaya ba. Na leƙa ƙasa na yi masa ihu ya kashe, ya ɗago ya yi mini gaisuwa da hannu ya ci gaba. Kafin ya gama, an rufe tagar mai aski an saki labule.

Da na juyo, Injiniya tana naɗe igiya a gwiwar hannunta. Kwamfuta tana jaka.

"Ina za ki?"

"Ƙofar da ke kallon taku."

"Haba, Injiniya. Haba, uwar ɗakina. Kalma nawa ta rage? Zauna in ƙarasa miki."

Ta zare makirufo biyun ta jefa a jaka.

"Malama ba ta san labarin telan ba," na ce. "Ba ta san na kowa ba. Matar da ba ta san sunan maƙwabcinta ba!"

"Za ta karanta daga takarda."

"To ki zaunar da ita a gaba, ni in zauna a bayanta ina raɗa mata. Ai kin ce ba ya jin na baya."

Auta ta toshe baki da ɗankwalina, kafaɗunta suna rawa. Injiniya ta rataya jaka, ta sunkuya ta ɗauki akwatin. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ta juyo ta dube ni. Na ga alamar in na faɗi magana mai kyau ɗaya za ta iya ajiye kayan. Na nemi maganar a cikina, na buɗe baki.

"Mai ruwan azurfar," na ce, "ba za ki bar mini shi zuwa gobe ba? Ba su gama ba."

Ta fita ta bugo ƙofar da ƙarfin da sai da bargo ɗaya ya zamo daga bango ya rufe Auta.